Firam tsirara: kundin haɗa keken tsere mai birkin rim da hannuna

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Firam ya shigo hannuna yau. Babu komai a jikinsa sai fok ɗinsa da aka ɗaure masa da tsohon tib, sai ƙura. Na hannu ne, na ƙarfe, amma da gani mai shi bai wahalar da shi ba. Fenti ya ɗan kwaile a inda sarƙa ke dukan sandar baya, ban da wannan ban ga lotsawa ko tsaga ba. Kuma ba kallon tsoro na yi masa ba, sai da na bi bakin kowace walda da tocila.

Wani abokina da ya gan shi ya ce, "Kai kuwa me ya kai ka birkin rim, bayan duniya ta koma birkin faifai?" Yana da gaskiyarsa. Tun 2018 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta halatta birkin faifai a gasar titi, kamfanoni kuma suka bi. Kayan giya da birki na Shimano 105 samfurin R7000, wanda ya fito a 2018, shi ne na ƙarshe a wannan layin da ke da birkin rim. Wanda ya gaje shi a 2022 faifai ne zalla. Amma dai a kan keke mai birkin rim Tadej Pogačar ya ci gasar zagayen Faransa ta 2020, don haka ba kayan tarihi ba ne tukuna. Ni dalilina bai ma kai can ba. Ina son abin da idona ke ganin yadda yake aiki: waya ta ja, hannaye biyu su damƙi rim, shi ke nan. Babu mai da za a zuƙe, babu iskar da za ta shiga tiyo, kamar yadda ake fama da su a birkin faifai. Da alanki lamba biyar da filaya zan iya gyara shi ko a bakin hanya.

Yau awo kawai na yi. Faɗin gidan boris na feda milimita 68, wato zaren Ingila ne, da 70 na samu da na Italiya ne. Tsakanin kunnuwan baya, inda ƙafar keke ke shiga, 130, na gaba 100. Ramin sandar sirdi 27.2, kaurin bututun daga waje 28.6, wanda shi zai nuna mini girman zoben macanjin giya na gaba. Sandar fok inci ɗaya da ɗaya bisa takwas, marar zare, ita ma ta ƙarfe. Na rubuta duka a jikin kwali na manna a bango. Ina jin ban bar komai ba.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Wanka da feshin maganin tsatsa a cikin bututai. Na juya firam ɗin gaba da baya don man ya bi ko'ina, na jingine shi a kan tsumma ya tsane. Warin sai da ya kore ni daga ɗakin.

Na yi odar kaya: cikakken saitin R7000, fayafayan gaba masu haƙora 50 da 34, na baya goma sha ɗaya daga 11 zuwa 34. Saboda 34 ɗin nan dole na ɗauki macanjin baya mai dogon hannu, domin gajeren a 30 yake tsayawa. Na san masu ƙarfin cinya za su yi mini dariya, amma gwiwata ce za ta hau tudu, ba tasu ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Akwai aikin da ba na kayan aikin gida ba ne. Na kai firam ɗin wurin wani dattijon makanikin keke da na daɗe da sani, wanda ke da ƙarfen gyaran zare da na daidaita fuska. Ya zura yatsa cikin gidan boris, ya murza, ya fito da shi da ɓurɓushin tsohon fenti da tsatsa.

"Da ka ɗaura a haka ko?"

"Da na ɗaura, Baba."

"Da ka dawo bayan wata guda kana cewa keke na kuka."

Bayaninsa shi ne, irin boris ɗin da zan sa kofunansa a waje suke zama, su jingina da fuskar gidan. In fuskokin biyu ba su yi daidai da juna ba, ko da kaurin fenti ne, sandar feda za ta riƙa cin boris ta gefe ɗaya. Ya shafa mai, ya bi zaren a hankali, yana murzawa gaba kaɗan ya dawo baya, sannan ya aske fuskokin har ƙarfe ya fito fes yana ƙyalli.

Sai kunnen da macanjin baya ke rataya a jiki. A idona a miƙe yake. Da ya ɗaura ma'auninsa, wata doguwar sanda mai zagaya rim, sai ga bambancin kusan santimita guda tsakanin sama da ƙasa. Gani ya kori ji. Ya lanƙwaso shi kaɗan-kaɗan, yana aunawa a wuri huɗu, har tazarar ta daidaita. Wannan na cikin alherin ƙarfe: yana karɓar gyara. Ya kuma matse mini kofunan boris na wuya da zoben da ke zama a gindin sandar fok. Na yi niyyar in buga su da guduma da katako a gida, da na faɗa masa sai kawai ya dube ni, bai ce uffan ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

Kaya sun iso. Na fara da boris ɗin feda. A zaren Ingila kofin dama, ɓangaren sarƙa, a baibai ake ɗaure shi, wato murɗin hagu ke tamke shi. Na san wannan tun tuni, amma duk da haka sai da hannuna ya fara murɗawa dama don sabo. Giris a zare, na shigar da kowane kofi da yatsu har ya kusa ƙurewa kafin in ɗauki sifana. In zare ya cije tun a murɗi na biyu, to a karkace ya shiga, tsayawa ake yi. Ƙarfin ɗauri, wanda ake aunawa da Nm a jikin sifanar awo, tsakanin 35 da 50 ne, na tsaya a 40.

Dantsen feda na hagu yana da wata murfiyar roba da ake ɗaurewa da ɗan yatsa kawai, don ta cire wasa, sannan notuna biyu da ake bi ɗaya bayan ɗaya, kaɗan nan kaɗan can, har su kai 12 zuwa 14. Feda kuma akasin boris ce: ta hagu ce mai zaren baibai.

Abin kunyar yau: na jera fayafayan baya, na tamke zoben kulle a Nm 40, na girgiza sai na ji kwaram-kwaram. Na kwance, na sake, haka dai. Ashe wannan mai 11 zuwa 34 ɗin an ƙera shi ne yadda zai hau tsohuwar cibiya ta giya goma, don haka a kan cibiyar giya goma sha ɗaya sai an fara sa wata washa mai kaurin milimita 1.85 a bayansa. Tana nan cikin kwalin, manne da takardar da ban karanta ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ranar baƙin ciki.

Na sa ƙafafu, na rataya birkin gaba, na sauko da robobinsa har ƙarshen tsagarsu. Na matse da hannu. Robar ba ta sauka a kan rim ba, rabinta a jikin taya take. Na koma baya, can ma haka, har ya fi muni.

Na zauna a ƙasa ina kallon kwalin nan na bango mai lambobi. Na auna komai ban da abu ɗaya, kuma shi ne abin da ya sa ake kiran keken mai birkin rim: nisan da ke tsakanin tsakiyar ramin da birki ke ɗaurewa da tsakiyar layin da roba ke kamawa a rim. Yanzu da na auna, gaba 54, baya 55. Birkin da ya zo cikin saitin iyakarsa 51. Yawancin kekunan tsere gajeren birki ake yi musu, mai kaiwa 39 zuwa 49 ko ɗan sama da haka, ni kuma na ɗauka duk firam ɗin tsere haka yake. Nawa an ƙera shi ne don matsakaicin birki, mai 47 zuwa 57, saboda a samu wurin taya mai kauri da madigadi. Da na lura da faɗin sararin da ke ƙarƙashin fok tun ranar farko, da na gane. Ba laifin kayan ba ne, ba kuma na firam ba. Nawa ne.

Shaiɗan ya raya mini in ɗauki magagari in ƙara tsawon tsagar da milimita uku ko huɗu. Har na ɗauko shi. Sai na dubi ɗan naman ƙarfen da zai rage a ƙarshen hannun birkin, na tuna a kansa rayuwata za ta rataya in ina gangara tudu. Robar da ke gogar gefen taya kuwa yanka shi take yi, kuma tayar gaba in ta fashe ana cikin gudu ba ta sallama. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na mayar da magagari, na yi odar matsakaicin birki.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai: gajeren birkin taya mai faɗin 28 ce iyakarsa. Da wannan sararin zan iya sa 32.

Asabar, 25 ga Oktoba

Birki bai zo ba, sai na fuskanci abin da nake ta gudu, yanke sandar fok. Komai na keken nan in ka yi kuskure za ka kwance ka sake, ban da wannan. Bayan abin da ya faru makon jiya kuwa, ban ƙara yarda da idona ba.

Na jera komai yadda zai zauna: murfin boris, zobban tazara na milimita 30, mariƙin kai (ƙarfen da ke haɗa kan keke da sandar fok), sannan na ƙara wani zobe na milimita 10 a samansa don in bar wa kaina hanyar komawa. Na ja layi, na sauke, na sake jerawa, layin bai motsa ba. Na yanka milimita 3 ƙasa da layin, domin dole bakin sandar ya ɗan nutse, in ba haka ba murfin sama zai zauna a kan sandar ne maimakon ya danna boris. Tsohon mariƙin kai na ɗaura a matsayin jagorar zarto don kada yankan ya karkace. Minti biyar na yanka, minti goma na goge baki da magagari. Sai notin nan mai kama da tauraro da ake bugawa cikin sandar, kimanin milimita 15 ƙasa. Wannan na sandar ƙarfe ko alminiyam ne kawai, wanda ya buga shi cikin sandar kabon ya kashe fok ɗinsa.

Tsarin ɗauri: murfin sama tukuna, a hankali har wasa ya ɓace amma kan keke na juyawa da kansa in an karkata shi, sannan notunan gefe na mariƙin kai. Gwajin gaskiya shi ne a riƙe birkin gaba a girgiza keken gaba da baya. Ba ni da birki, don haka gwajin sai ya jira.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Birki ya zo. Kafin in buɗe ledarsa sai da na ɗora ma'auni a kansa.

Na gaba da na baya kamarsu ɗaya, tsawon ƙusar ne ya bambanta su, mai doguwar ce ta gaba tunda za ta ratsa kafaɗar fok. Robobin ma suna da gaba da baya: buɗaɗɗen bakin gidan robar baya yake kallo, domin in an juya shi, juyin rim zai iya zare robar ya wurgar a lokacin da ake tsananin buƙatarta. Akwai 'yar kibiya a jiki, amma sai mai nema ke ganinta.

Rigar waya iri biyu ce, kuma ba a musanya su. Ta birki kaurinta milimita 5, ƙarfen cikinta a nannaɗe yake kamar sifirin. Ta giya milimita 4 ce, ƙarafan cikinta a miƙe suke a jere don kada ta motsa ko kaɗan. In aka sa ta giya a birki, ranar da aka damƙa da ƙarfi za ta iya tsagewa. Kowace riga da na yanka sai na goge bakinta ya yi lebur, na buɗe ramin da tsinke. Aiki ne mai cin rai, amma rabin taushin birkin da mutane ke kuka da shi daga nan yake fitowa: baki a karkace, kana ja yana lotsawa. Tsawon kuma sai na juya kan keke hagu da dama har ƙurewa, na tabbatar rigar ba ta ja ba, ba ta kuma yi lilo ba.

Saita robobin ya ci mini fiye da awa guda, kuma ban yi nadama ba. Kowace sai ta kwanta a kan layin rim gaba ɗayanta, samanta ya bar kamar milimita ɗaya ƙasa da bakin rim don kada ta taɓa taya, ƙasanta kuma kada ya leƙa ƙarƙashi. Sai ɗan karkacen da ke hana kuka: goshin robar ya riga ƙeyarta taɓa rim. Na naɗe wani ɗan kati biyu, na soka shi a bayan robar, na damƙe hannun birki da igiyar roba, na ɗaure notin. Matsalar ita ce in kana ɗaurewa robar na son ta bi sifana ta juya, sai ka riƙe ta da babban yatsa kamar mai riƙe kunnen yaro. Ta hagu ta baya sau huɗu na sake ta.

Wani abin da na kusa mantawa: ɗan makunnin da ke jikin birki, wanda ake ɗagawa in za a cire ƙafa, dole ya kasance a rufe kafin a ja waya a ɗaure. Na daidaita tsakiya da ɗan notin sama har robobin biyu suka riƙa sauka tare, na goge rim da sifirit. Na juya ƙafa, na damƙa. Cak.

Gaskiya dai, dogon hannu ya fi gajere ɗan lanƙwasa, ana jin haka a yatsu. Ba sosai ba, amma akwai.

Na riƙe birkin gaba na girgiza: ƙwas-ƙwas a wuya. Na sassauta notunan gefe, na ƙara kwatan murɗi a murfin sama, ya yi shiru.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Giya. Tsawon sarƙa: na zagaya ta a babban faifan gaba da babban na baya ba tare da ta bi ta macanji ba, inda ta haɗu na ƙara gaɓa biyu. Wannan sarƙar tana da fuska, rubutun waje yake kallo. Macanjin gaba milimita 1 zuwa 3 sama da haƙoran babban faifai, a layi ɗaya da shi.

Na saita notunan iyaka tun kafin in sa waya, musamman na ciki, wanda ke hana macanjin baya faɗawa cikin wayoyin ƙafa. Daga nan abu ya ƙi. In na daidaita ƙananan giya sai manyan su yi ta ƙara, in na gyara manyan ƙananan su tsallake. Kunne dai an miƙe shi, don haka ba shi ba ne. Bayan kusan awa guda ina murɗa madaidaicin waya a banza, na haska tocila na ga wayar ba ta bi ɗan kwarmin da aka yi mata a ƙarƙashin notin ba, ta kauce ta bi ɗaya gefen. Ɗan wannan kaucin ya canza yawan tafiyar macanjin a kowane danni. Na mayar da ita gurbinta, murɗi biyu, giya goma sha ɗaya suka jeru tsaf.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Fitar farko, kilomita goma sha biyu, kan keke tsirara babu naɗi, domin ina so in tabbatar da mazaunin hannayen birki kafin in rufe wayoyi. Alanki uku a aljihu.

Ban san yadda zan kwatanta mita ɗarin farko ba. Babu ƙara ko ɗaya sai shuuu ɗin taya a kan kwalta. Ina tafe ina jiran wani abu ya faɗo, babu abin da ya faɗo.

Abubuwan da suka fito daga baya: sirdi ya zame ƙasa kamar santimita guda, na shafa wa sandar giris da yawa kuma ban tamke sosai ba. Giris ɗin dole ne, alminiyam cikin ƙarfe in aka bar su a bushe sukan manne har abada, amma ba kamar yadda na lafta ba. Birkin baya ya yi kuka sau biyu sannan ya daina da kansa. Hannun birkin dama ya fi na hagu sauka kaɗan, na gane ne da kafaɗata, na tabbatar da sanda da na gicciya a kansu.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Kilomita 130 zuwa yau. Wayoyi sun zauna, giyar baya ta fara jinkirin hawa, rabin murɗi ya gyara ta. Na bi kowane noti da sifanar awo, biyu na mariƙin kai sun ɗan karɓi ƙari.

Na naɗe kan keke jiya. Daga ƙarshen ƙaho ake farawa a yi sama, kowane zagaye ya rufe kamar sulusin na bayansa. Ɓangaren hagu ya fito kamar na kanti. Na dama tef ya ƙare mini saura yatsa uku, na warware na sake da ɗan ja. Akwai wani ɗan gibi a bayan hannun birki da ba wanda zai gani sai ni, kuma kullum sai na gan shi.

Ranar Alhamis ruwa ya kama ni a hanya, na samu amsar tambayar abokina. Da na damƙa, ƙafar sai da ta yi juyi ɗaya ko biyu robar na share ruwa kafin ta kama. Daƙiƙa guda ce ko ƙasa da haka, amma doguwa ce in akwai mota a gabanka. Na koyi in riƙa ɗan shafa birki tun daga nesa. Da na dawo gida, baƙin ruwa ne ke zuba daga rim, wato alminiyam ɗin da roba da yashi suka ci. Na cire robobin na tsince ƙananan ƙarafan da suka nutse a cikinsu da bakin allura. Zan nemo robobi masu taushi na damina, in kuma riƙa duba ɗan ramin alamar da ke jikin rim, wanda in ya shafe an san rim ya gama aiki.

Saura zoben milimita 10 da ke saman mariƙin kai. Bayana bai yi ƙorafi ba, har ina jin zan iya sauke kan da wani biyar. Zan ba shi wata guda kafin in sake ɗaukar zarto. Tayoyi masu faɗin 32 suna hanya. Gajeren birkin nan kuwa yana cikin kwalinsa a kan kanta, sabo fil, kuma daren jiya na kama kaina ina duba hotunan wani firam da aka ce nisan birkinsa 45 ne.